Garwashi a Tafin Hannun Barira

An samo daga bakin masu adana labarin mutanen da, waɗanda ba sa ƙari ba sa ragi sai abin da mantuwa ta ci, cewa gabas da Dutsen Hankaka an yi wani birni mai ganuwa uku da ƙofa goma sha ɗaya, ana kiransa Gwarjiya. Sarkinsa shi ne Dambo ɗan Jatau, giwa mai tafiyar ƙasaita, gamji matattarar tsuntsaye, bango madafar bayi. Amma duk da wannan kirari, Allah bai bar masa daga zuriya ba sai 'ya guda, Gimbiya Barira, mace mai natsuwa da ƙarancin magana, wadda mijinta ya faɗi a fagen fama tun goyonta bai yi haƙori ba. Goyon nan ita ce Kyallu, 'yar shekara bakwai, siririya, mai yawan tambaya, wadda gidan sarautar ya rataya a kanta kamar ƙwarya a ragaya mai igiya ɗaya. Da yake 'yar fari ce, Barira ba ta taɓa kama sunanta ba saboda alkunya. "Ke" take ce mata, in ta yi nisa ta ce "'yar nan".

A birnin akwai wata tatsuniya da kowane yaro ya sha tare da nonon uwarsa, ta yarinyar da aka aika ɗebo wuta da ɗan kasko, ta tarar murhun maƙwabta duk ya mutu, ta yi ta tafiya har ƙofar dodo, ta gaishe shi da ladabi, ya ji daɗi ya ba ta garwashi, ta koma gida aka tuƙa tuwo. Sai dai ita tatsuniya a Gwarjiya tana da ƙa'ida biyu da kowa ya sani: ba a yin ta da rana sai an ƙulla tsinken ciyawa a jinkar ɗaki an ɗaure ta, kuma ba a tashi daga kanta sai an rufe bakinta da ƙurunƙus.

Wata Laraba tsakanin azahar da la'asar, zazzaɓi mai zafin gaske ya kwantar da Kyallu, ta ƙi fura ta ƙi magani, ta ce ita dai tatsuniyar ɗebo wuta take so. Barira ta ɗaga kai, ta ga ɗakin soro ne, babu jinka balle tsinke, ta ce a ranta ai larura tana halatta abin da aka hana. Ta fara, yarinya ta amsa, ta yi ta jan zaren labari har yarinyar tatsuniya ta tsaya a ƙofar dodo da kaskonta. Nan barci ya ɗauke Kyallu, nan kuma aka aiko Sarki na kira. Barira ta ja mata mayafi, ta fita a kan yatsun ƙafa don kada ta farka, ta bar maganar baki buɗe.

Da ta dawo, shimfiɗa na nan da ɗuminta, mayafi na nan, yarinya babu. Kafin kukan bayi ya kai zaure, sai aka ji wani kukan daga cikin gari: wutar kowane murhu ta mutu, maƙera sun buga ƙyastu har yatsunsu sun fashe bai ba da ko tartsatsi ba, hayaƙin birni kuwa ya haɗu wuri ɗaya ya miƙe yamma kamar baƙin rawani da aka warware. Jakadiya Tabawa, tsohuwar da ta goyi Barira, ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, kin bar ƙofa a buɗe, kuma ba ɓarawon gari ne ya shigo ba. Tatsuniyar da aka yi da rana ba ɗauri, aka tashi ba murfi, ta mutanen ɓoye ce, da ita da wanda aka yi wa. Ba mai rufe ta sai bakin da ya buɗe ta." Sarki ya so ya haɗa ta da mayaƙa dubu, Tabawa ta ce abin da harshe ya ɓarar takobi ba ya kwashe shi. Barira ta yi alwala da ruwan sanyi, ta ɗauki carbinta da ɗan kasko guda, ta nemi gafarar mahaifinta, ta bi hayaƙi.

Kwana goma sha tara tana tafiya cikin daji mai ƙaya da sarƙaƙiya, ba ta cin komai sai kanya da magarya, har ta isa wani birni shiru-shiru, fari fat da toka, inda ake jibge tatsuniyoyin da masu su suka bari ba ƙarshe. Nan ta ga maharbi ya ja baka shekara ɗari uku kibiya ba ta tashi ba. Ta ga raƙumi ya ɗaga baya zai miƙe, gabansa na durƙushe. Ta ga wata tsohuwa ta buɗe baki za ta faɗi sirrin da zai ceci jikanta, kalmar ta daskare a leɓenta. Idanunsu kaɗai ke motsi, suna bin ta da roƙo, ita kuwa ba ta san ƙarshen ko ɗaya ba, sai ta ratsa su tana sharar hawaye tana yi musu addu'a. Bayan birnin akwai kogin toka mai zafi, mai fitonsa wani aljani ne dogo, ƙanjamamme, mai ido ɗaya. Ya dubi kaskon da ke hannunta ya yi dariya, ya ce shi ne ladan fito, domin can inda za ta ba a shiga da mazubi. Ba yadda ta iya, ta miƙa masa.

A ƙetaren kogin fadar Sarki Zarmahu take, shugaban aljanun inuwa, mai gemu kamar hadarin marka, mai idanu kamar bakin maƙera, wanda dariyarsa ke zubar da 'ya'yan kuka tun ba su nuna ba. A tsakiyar fadar an kafa wani farin ƙyalle mai kamu arba'in, bayansa an jera wutar murhunan Gwarjiya kaf a tukwanen tagulla, gabansa kuwa aljanu ne sahu-sahu, manya da ƙanana, sun zuba ido. Irin abin nan ne da mutanen wannan zamani ke kira majigi, sai dai nasu da mai rai ake yin sa. A cikin ƙyallen Barira ta hango 'yarta, riƙe da kasko, tana tafiya a kan wata hanya marar bishiya. Ta isa ƙofar dodo ta gaishe shi, bai amsa ba. Ya jefa mata garwashi, garwashin ya mutu a hanya. Ta koma gida ta tarar da ɗaki wayam, ba uwa ba tukunya. Ta juya ta sake kama hanya. Duk zagaye ɗaya sai ta ƙara sirancewa, launinta ya ƙara komawa na inuwa, aljanu kuwa su yi ta kaɗa kai don daɗi.

Zarmahu ya ce, "Marhabin da mai tatsuniyar rana. Kin ga yadda muka gyara miki ita? Ku 'yan Adam kuna ruɗin 'ya'yanku cewa gaisuwa tana sayen wuta, kuma duk wanda aka aika zai tarar da mai jiransa. Mu mun cire zuman, mun bar maɗacin."

Barira ta rusuna daidai gwargwado, ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin ɓoye. Tamu ƙarya ce da muke rufewa da bakinmu, yaro ya yi barci ya tashi ya ci tuwo. Taku ba ta da murfi, abin da ba shi da murfi kuwa ba labari ba ne, azaba ce."

Sarkin ya shafa gemu, ya ce tun da bakinta na da kaifi haka, ya ba ta kira uku: in yarinyar ta amsa, ta tafi da ita; in ba ta amsa ba, su biyun su zauna cikin ƙyalle har a naɗe ƙasa. Barira ta matsa ta ce, "Ke." Aljanu suka fashe da dariya, wani daga baya ya ce ai a nan kowace mace "ke" ce, ko uwargidan Sarki. Yarinya ba ta waiwayo ba. Sai Barira ta runtse ido, ta haɗiye kunyar shekara bakwai, ta kira sunan da bai taɓa hawa harshenta ba: "Kyallu." Muryar ta ratsa fadar, amma yarinyar ta ci gaba da tafiya, domin ba ta taɓa jin sunan nan da wannan murya ba, ba ta san mai ita ba ce.

Saura kira ɗaya. Barira ta daɗe a tsaye tana jan carbi, har Allah ya buɗe mata abin da ya shige mata duhu. Ta dubi rufin fadar, ba jinka ba tsinke. Sai ta zame ɗankwalinta, ta warware silin kitso guda, ta ƙulle shi tam a madadin tsinken ɗaure tatsuniya. Sannan ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa kamar yadda take zama a bakin shimfiɗa, ta sassauta murya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ƙafar yarinyar ta tsaya a iska. Daga cikin ƙyalle aka ji wata 'yar murya, siririya, gajiyayya, ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Ƙyallen ya yi girgiza, Kyallu ta faɗo daga cikinsa a cinyar uwarta, domin wanda ya amsa tatsuniya mai sauraro ne, mai sauraro kuwa ba ya zama a cikin labari. Wannan ƙa'ida ko Zarmahu bai isa ya karya ta ba. Ya ciji yatsa, ya ce yarinya ta fita, amma wutar Gwarjiya tana nan sai an kai garwashi gida, kuma ina mazubi? Barira ta ɗauki labarin daga ƙofar dodo inda ta bar shi, ta ce yarinya ta yi gaisuwa, dodo ya yi shiru, ashe uwarta na biye da ita a baya tun daga gida. Uwar ta miƙa hannu ta karɓi garwashin a tafinta, ta kama 'yarta da ɗaya hannun, suka juya. Tana faɗa tana aikatawa: ta zagaya bayan ƙyalle, ta yi bisimilla, ta tsoma hannun dama cikin tukunyar tagulla ta damƙo garwashi. Ƙaurin naman ya cika fadar, ba ta yi ƙara ba, sai ta ce, "Ƙurunƙus."

Wutar tukwanen ta mutu gaba ɗaya, kallo ya ƙare. Amma cikin gaggawar zafi ba ta duba ƙyallen ba kafin ta rufe. Inuwar Kyallu tana nan liƙe a jikinsa, riƙe da kasko. Zarmahu ya naɗe ƙyallen ya sa a hammata, ya ce, "Ki sauka lafiya, Gimbiya. Abin da murfi ya rufe a kansa, namu ne."

Kwana goma sha tara ta sake yi a hanya da garwashi a tafinta, tana hura shi da numfashinta, yarinya na goye a bayanta. Ta tarar da Gwarjiya ta rame da cin gari da ruwa, an binne tsofaffi da jarirai masu yawa, cikinsu har da Sarki Dambo, wanda ya cika yana tambayar ko an ga hayaƙi daga yamma. Matan gari suka fito da kaskonsu gida-gida, aka ɗebi wuta daga tafin Barira, sai da murhu na ƙarshe ya kama sannan garwashin ya mutu. Hannun kuwa ya ƙanƙance, bai ƙara buɗuwa ba har ƙarshen ranta. Masu zaɓen sarki suka ɗora ta a gadon mahaifinta, aka buga tambari ba tare da guɗa ba, ta yi mulki shekara ashirin da shida cikin adalci da tsoron Allah.

Kyallu ta warke ta girma, amma ba ta ƙara neman tatsuniya ba, kuma rana ba ta ƙara zana ta a ƙasa ba. Saboda haka duk sanda za ta fita da hantsi ko da la'asar, sai a ga Sarauniya ta bar fadanci ta taso, ta jera da ita kafaɗa da kafaɗa ta ɓangaren da rana take, har inuwa ɗaya ta ishe su su biyu. Mutanen Gwarjiya kuwa sukan sunkuyar da kai, ba wanda ya taɓa ƙirga inuwar. Allah ya sa mu cika abin da muka fara, ya rufa mana asiri a inda muka gaza.