Ganyen da Ya Ƙi Saukowa

Dalilin da ya sa ɗantsauni, ganyen miyar nan mai shuɗin fure, ba ya fitowa sai a ƙolin dutse, masana sun ce sanyi ne. Mai yiwuwa. Amma ku matso, yara, ku ji na tsofaffi, don sun fi daɗewa suna cinsa.

A da, garinmu a kan dutse yake, ganyen kuwa a bakin kowace ƙofa, ba mai shuka shi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: a tsinki ganye a bar saiwa, mai tsinka kuma ta ba shi labarin gida. Wata tsohuwa, Tambai, ta fi kowa kiyaye wannan, har miyarta kan makara.

Da aka daina yaƙi, mutane suka gaji da hawa da tulu, suka ce a koma bakin rafi. Tambai ta san in ta sauka, gwiwoyinta ba za su sake kawo ta ba. Ranar tashi ta durƙusa gaban ganyen.

"Ɗan'uwa, tashi mu tafi."

"Da Malam Jatau za a tafi?" in ji ganyen. Mijinta ke nan, shekararsa bakwai a kabari.

"Ka san ba ya tafiya."

"To, ni ma."

Sai ta tumɓuke shi, ta ƙulle a bakin zane. A sabon gari ta dasa shi, ga taki ga ruwa, gatan da bai taɓa nema ba. Ya yi kore shar. Ta yi miya, jikokinta suka kai loma ɗaya suka tuna ashe a ƙoshe suke. Ɗaci kamar maɗaci.

Washegari ta ɗauki sanda. Hawan da ake gamawa kafin hantsi ya kai ta la'asar. Ta mayar da ganyen gefen kabarin.

"Na ɗauka ba ki iya hawa," in ji shi.

"Ni ma haka na ɗauka. Wannan ne na ƙarshe."

"To, ki riƙa turo jikokinki. Mai son miya ya hau, ya gai da na kwance, ya ba mu labari."

Ta zauna ta ba su labarin sabon gari, su biyun, har da sauron da ba a faɗa wa mutanen gari ba kafin tashi. Ba ta sake hawa ba. Jikoki ke kai saƙonta, su dawo da ganye mai daɗi.

Shi ya sa har yau ɗantsauni sai an hau. Masu hawan yanzu tsinka kawai suke yi su juyo, suna ƙorafin bai kai na da daɗi ba. Ban ji wanda ya zauna ya tambaye shi dalili ba.