Makarar da Ta Ƙi Tashi

An yi wani mutum mai walda a unguwar da na taɓa zama. Ba labari aka ba ni ba, ya 'yan uwa, da idona na gan shi. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda yana da 'ya'ya kuma sun girma. Laƙabinsa dai Jak.

Ya samo laƙabin ne ran da tayar wata mota ta yi faci a ƙofar shagonsa, jak ɗin direba kuma ya ƙi aiki. Sai ya ajiye abin walda, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama bayan motar ya ɗaga. Ya riƙe ta har aka cire taya aka sa wata. Ina tsaye a wurin. Na ce subhanallahi da ƙarfi, don ban taɓa sanin ana ba ɗan Adam irin wannan ba.

Wuyansa ya fi cinyata kauri. In ya shigo masallaci sai sahu ya matsa da kansa. Allah ne Ya ba shi, ba wanda ya yi masa hassada, kuma da fari shi ma ya san Allah ne Ya ba shi.

Sai ya gyara wani ɗaki a bayan shagon. Ya haɗa benci da sanduna da hannunsa, ya jera faya-fayan ƙarfe manya da ƙanana, ya kafa madubi tun daga ƙasa har rufi. A jikin bango ya manna takarda. Litinin ƙirji. Talata baya. Laraba ƙafa. Kowace gaɓa da ranarta, kowace gaɓa da ranar hutunta. Na taɓa tsayawa na karanta takardar nan daga sama har ƙasa, ban ga ranar kowa a ciki ba sai ta jikinsa.

Abincinsa kuwa sai ya hau ɗan ƙaramin sikeli kafin ya shiga baki. Ƙwai goma sha biyu, a zubar da gwaiduwa. Ƙirjin kaza dafaffe, ba mai ba gishiri. In kuna cin abinci ya zo wucewa, sai ya leƙa kwanonku ya gaya muku abin da zai kashe ku a ciki. Ni kaina ban tsira ba. Ya taɓa dafa tumbina bayan sallar la'asar, a gaban jama'a, ya ce, "Malam, wata nawa ne? A sanar da mu ranar suna." Aka yi dariya, ni ma na yi, don gaskiya tumbin yana nan, ga shi kuna gani.

Raha ba laifi ba ce. Amma a hankali abin ya tashi daga raha. Mai ƙiba a wurinsa rago ne, siriri kuma ba namiji ba ne. Ya daina ganin mutane, sai nauyinsu yake gani.

Yana da ƙane guda, tela, siriri kamar ba ya cin abinci. Zare yake ce masa. Kuma suna da uba.

Uban nan ɗan dako ne, shekara arba'in yana ɗaukar buhunan mutane a kasuwa. Da wannan bayan ya ciyar da su, da shi ya sa Jak koyon walda, da shi ya saya wa ƙaramin keken ɗinki. Da ya tsufa sai ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗakinsa a saman bene yake, matakala goma sha tara, matsattsiya, ga kwana a tsakiya. Sau biyu a mako ana kai shi asibiti ana motsa masa gaɓɓai, kuma dole wani ya goyo shi ya sauko, ya sake goya shi ya hau.

To, ya 'yan uwa, gida mai ɗa da ke ɗaga mota, wa kuke zaton yake goyon tsohon nan?

Tela ne. Yakan rufe shago, ya durƙusa a bakin gado, matarsa ta ɗora masa tsohon a baya. Ya sauko yana dafa bango, a kwanar nan ya tsaya ya numfasa.

Wata rana ƙugunsa ya riƙe. Ya je ɗakin ƙarfe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, don Allah yau ka sauko da Baba. Wallahi ko sunkuyo ba na iyawa."

Jak bai ɗauke ido daga madubi ba. Ya ce, "Zare, kai ba ka san jiki ba. Ƙarfe daidai yake, nauyin dama shi ne na hagu. Mutum kuwa karkacewa yake yi, ga kwana a benen nan. In na gurɗe baya, wahalar shekara takwas ta tashi a banza. Kuma ma yau ranar hutun baya ce, duba takarda."

Tela ya koma ya ɗaure ƙugu da ƙyalle, ya goyo ubansa.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne tsohon bai taɓa fushi ba. Alfahari yake da shi. Duk wanda ya je dubiya sai ya nuna masa hoton Jak a bango da hannun nan mai lafiya. Sau ɗaya tak ya roƙa, kuma a gabana aka yi. Jak ya leƙo gaisuwa a tsaye, tsohon ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Babba, wata rana kai za ka sauko da ni. Ina so in ji yadda motar nan ta ji."

Muka yi dariya. Jak ya ce, "Bayan gasa, Baba. Da na gama gasa zan ɗauke ka har titi."

Gasa kuwa ba ta ƙarewa. Ana gama wata, an fara shirin wata. Shekara uku aka yi a haka.

Sai babbar gasar ta zo, ta masu nuna ƙirar jiki, wadda ya daɗe yana mafarkinta. A irinta ana auna mutum da safe, da yamma ya hau dandamali a kalle shi. Jak ya zarce nauyin da aka ƙayyade wa ajinsa da kilo biyar, ga shi saura kwana huɗu. Masu wannan harka suna da wata dabara da suke kira busar da jiki. A daina shan ruwa, a daina cin gishiri, don nauyi ya sauka, fata ta lafe, kowace jijiya ta fito fili. Jak ya yi ta har ya wuce yadda ake yi. Ya naɗe jikinsa da leda ya zauna cikin shago an rufe ƙofa da tsakar rana. Yana yawo da gora yana tofa yawu a ciki, wai shi ma nauyi ne. Ya haɗa da ƙwayoyin da ke sa fitsari, wani abokin harka ya ba shi. Leɓɓansa suka tsage, idonsa ya faɗa, shi kuwa yana duban madubi yana cewa bai taɓa kyau irin na yanzu ba.

Ran gasar, da hantsi, tsohon ya cika.

Tela ya buga masa waya yana kuka. Jak yana kan layin awo. Ya ce, "Innalillahi. Ku ɗan jira ni, sikeli kawai zan hau." Muka yi wa tsoho wanka, muka sa masa likkafani, muka zauna a ƙofar gida muna jiran babban ɗa. Rana ta take. Sai wajen azahar ya iso.

Da na ga fuskarsa na tsorata. Na ɗebo ruwa a kofi na miƙa masa da hannuna. Ya kalli ruwan, maƙogwaronsa ya motsa, ya ce a hankali, "Malam, sai yamma."

Kun ji? Gawar ubansa na kwance a gabansa, shi kuwa lissafinsa a binne da wuri ya koma ya hau dandamali.

Muka yi salla. Aka zo ɗaukar makara. Mutane suka matso kamar yadda aka saba, kowa na neman lada. Sai Jak ya ware hannu ya ce, "Ku matsa. Gaba nawa ne, ni kaɗai." Allah ne Ya san zuciyarsa. Ko alkawarin da ya yi ne ya tuna, ko idon jama'a ne ya gani, ban sani ba. Aka matsa masa. Wasu dattawa biyu suka kama baya.

Ya 'yan uwa, tsohon nan jinya ta cinye shi. Ni na yi masa wanka, na san abin da ya rage. Bai kai buhun siminti ɗaya ba.

Jak ya durƙusa, ya kama hannayen makara biyu, ya ja. Baya ya tashi a hannun dattawa. Gaba bai motsa ba.

Ya gyara tsayuwa yadda yake yi a gaban madubi, ya ja numfashi, ya sake ja. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Makara na nan a ƙasa kamar an yi mata walda da titi.

A na uku sai muka ga yatsunsa sun lanƙwashe sun ƙame. Naman cinyarsa ya dunƙule yana motsi a ƙarƙashin wando kamar wani abu mai rai. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya faɗi a kan gwiwa, sannan ya kife a gefen gawar ubansa.

Wani dattijo a bayana sai kabbara yake yi yana hawaye. Tela ya matso, wani tsohon wanzami ya kama ɗaya hannun, suka ce bismillahi, makara ta tashi ba ko nishi. Shi kuwa Jak sai da mutum shida suka taru kafin aka sa shi a mota. Aka binne ubansa yana asibiti bai san inda kansa yake ba.

Likita ya ce ruwa da gishirin jikinsa ne suka ƙare, shi ya sa naman ya ɗaure. Na yarda, likita ya san aikinsa. Amma ina tambayarku, wa ya zaɓi lokacin? Ya tsaya a layin awo bai faɗi ba. Ya hau mota ya iso bai faɗi ba. Ya yi salla a tsaye bai faɗi ba. Sai a kan abu ɗaya da aka roƙe shi shekara uku, a nan aka karɓe ƙarfin.

Ƙodojinsa ba su dawo ba. Aka sa shi a wankin ƙoda sau biyu a mako. Ruwan da ya ƙi sha don ado, yanzu likita ya hana shi, sai 'yar gora guda a yini, ya riƙa jiƙa leɓe da ita. Jikin nan ya zube cikin wata shida, fata ta yi masa yawa. Shago ya rufe. Abokan ɗakin ƙarfe suka zo dubiya sau ɗaya, ba su iya kallonsa ba, ba su sake dawowa ba. Matarsa ta kasa jinyar ita kaɗai, sai aka mayar da shi gidansu, ɗakin da babu kowa a ciki, na saman bene.

Tela ne ya ci gaba da goyo. Bayan yayan ya rasu, shi ya ba ni labarin abin da ya faru wata safiya. Ya ce sun kai kwanar nan ya tsaya yana numfashi, sai ya ji wuyansa ya jiƙe. Yayan ya ce masa a kunne, "Ƙanena, Baba yana da nauyi?"

Ya ce, "A'a, Yaya. Ba shi da nauyi ko kaɗan."

Sai yayan ya sake cewa, "Yana tambayata?"

Tela ya ce mini, "Malam, na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce masa, ba ya tambaya. Amma duk ran asibiti, in na durƙusa a bakin gado, sai ya ce in ɗan dakata, ya kalli ƙofa tukuna."

Ya ce daga nan har suka kai ƙasa yayan kuka yake yi kamar yaro, yana cewa a mayar da shi baya kwana ɗaya kawai. Bai cika shekara ba ya bi ubansa. Ina fatan kukan nan tuba ne, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan ya ce Malam ya hana motsa jiki. Ban hana ba. Jiki amana ne, ku kula da shi, ku rage cin abin da zai cutar da ku. Ni ma likita ya ce in riƙa tafiya da safe, kuma ina yi, wani lokacin. Abin da nake tsoratar da ku shi ne ranar da jiki zai tashi daga abin hawa ya zama abin bauta. Alamarta ba ta da wuyar ganewa. Za ka fara raina wanda bai kai ka ba. Za ka fara yi wa jikin da Allah Ya ba ka azaba don idon mutane. Za a nemi ƙarfinka a inda yake da amfani, ka ce kana adana shi.

Adana wa wa? Ƙarfin nan aro ne, kuma Mai shi ba Ya sanarwa kafin Ya karɓa. Kai saurayi mai faɗin ƙirji, a gidanku akwai wanda ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi? Akwai wadda ke jan bokitin ruwa tana hutawa a hanya? In akwai, kada ka ce sai an jima. Je ka yau, tun hannunka yana jin maganarka.

Ya Allah, lafiyar da Ka ba mu, Ka sa mu kashe ta a inda Ka yarda. Ka jiƙan tsohon nan, Ka yafe wa ɗansa, Ka saka wa tela da alheri. Allah Ya kiyaye mu daga girman kai, Ya kiyaye mu daga nadamar da ba ta da gyara. Amin.