Naman da Ya Fi Ƙarfin Baya Ɗaya

Masu ba da labari sun ce a garin Kwarangal, a gindin manyan duwatsu, an yi wani Sarkin Baka mai suna Barmo. Shekara ashirin yana shugabancin maharba ba wanda ya ɗaga masa murya, sai a shekarar da mataimakinsa Mantau ya kashe ɓauna. Daga nan samari suka fara raɗe-raɗin cewa gwiwar Barmo ta mutu, ya kamata sarauta ta koma hannun mai jini a jika. Maganar ta ci masa rai ƙwarai. Ya yi rantsuwa zai hau dutse shi kaɗai, tafiyar kwana uku, ya harbo tsohon gwankin da ya gagari kowa, ga shi kuwa ana cikin jelar sanyi, lokacin da ruwan kwari ke kwana ya daskare.

Ranar tafiya, tun da hantsi Barmo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗaure burgami, jakarsa ta fata, ya kwance, ya ƙirga kibiyoyi, ya leƙa dutse, ya dawo ya sake ƙirgawa. A kan dangarsa akwai wani tsohon hankaka da ya daɗe yana bin maharba saboda kayan ciki. Da ya gaji da kallo sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kai da kawowar taka ta tuna mini da Zailani, mutumin da ya ji nasiha da kunne ɗaya."

Barmo bai ko tsaya ba, ya ce, "Faɗi da sauri, rana na yi mini."

Hankaka ya ce:

"Kakana, wanda ya sha yawon duniya, ya ba ni labarin wani maharbi Zailani da ƙafa ta kai shi ƙasar arewa mai nisa, inda ƙanƙara ke zuba kamar garin gero ta rufe duwatsu. A can akwai wata dabba mai kama da gwanki, amma ta fi shi girma, ƙahonta da rassa kamar busasshen itace. Jaki ba ya iya hawa inda take. Maharbi kan goya bargonsa da guzurinsa da ƙyastunsa na kunna wuta a baya, in ya yi sa'a kuma da wannan bayan zai sauko da nama. Zailani ya ga ƙahon a ƙofar wani gida, daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ya goya kaya ya kama hawa. A bukkar ƙarshe ya tarar da wani tsoho yana jin wuta, hannunsa na dama saura yatsu biyu. Tsoho ya dubi kayansa ya ce, 'Baƙo, ina 'yan rakiyarka?' Zailani ya ce, 'Baba, ni ba na raba suna da kowa.' Tsoho ya ce, 'Haka yayana ya ce. Zauna ka ji yadda na rasa yatsun nan.'

"Tsoho ya ce, 'Mu biyu muka hau, ni da yayana, a ƙarshen sanyi kamar yanzu. Ran na uku ya harbi wani ƙaton namiji. Muka feɗe, muka ga nama ya kai kayan mutum huɗu. Na ce mu ɗauki cinya ɗaiɗai mu sauka tun sama na da haske. Ya ce in ya bar ƙahon nan wa zai yarda shi ya kashe? Ya ɗora ƙaho a kan cinya, ya ɗaure a baya. Muna tsallaka wani kwazazzabo ƙanƙara ta burma da shi har wuya, rassan ƙaho suka maƙale a duwatsu. Na yi ta tono da hannu har la'asar, a nan sanyi ya cinye mini yatsu uku. Na fito da shi, amma ba rai. Har yau in na tuna ba na iya cin naman nan. Ɗana, kafin ka ja baka, ka waiga ka auna hanyar gida.'

"Zailani ya yi masa ta'aziyya, ya fita yana cewa a ransa ai abin da sauƙi, ƙaho ne ya kashe mutumin. Ya yi ta hawa, sanyi na cizon kunnuwansa, har ya tarar da dabbar ya harbe ta. Ya bar ƙahon a nan yana jin kansa mai wayo. Ya goya cinya guda, ya sauka kwana uku, ya ajiye a bukkar tsoho, ya juya. Tsoho ya roƙe shi ya haƙura da sauran, ya ce shi ba ya barin halalinsa ga namun dawa. Ya kawo ta biyu ƙafafunsa a kumbure. A hawa na uku ƙanƙara ta zuba ta shafe sawunsa. Kakana ne ya gan shi daga baya, a jingine da dutse, kafaɗar nama a bayansa, bai fi jifa biyu daga hanya ba. Ban tambayi kakana abin da ya yi a wurin ba, ka dai san sana'armu."

Hankaka ya gyara fiffike ya ce, "Ranka ya daɗe, gwankin da kake nufi kayan mutum nawa ne?"

Barmo ya tsaya a karon farko tun safe. Ya ce, "Huɗu."

"Kai kuma bayanka nawa?"

Ran Barmo ya ɓaci. Ya ce, "In na tafi da mutane, samari za su ce an kai ni ne."

Hankaka ya ce, "Za su faɗa, su yi kwana bakwai suna faɗa. In ka tafi kai kaɗai kuwa, ni zan riga kowa sanin inda ka tsaya, kuma wallahi ba na so. Shekara ashirin ina cin hanji a hannunka."

Barmo ya dubi dutsen. Kunya da tsoro suka haɗu masa, ya rasa wanda ya fi nauyi. Can ya ce, "Ka yi gaskiya, ko da yake ba ta yi mini daɗi ba." Ya fita ya ratsa kasuwa mutane na kallo, har ƙofar gidan Mantau, ya yi sallama. Mantau ya fito ya durƙusa yana mamaki.

Barmo ya ce, "Tashi ka nemo mutum biyu masu ƙarfin baya, gobe mu hau. In muka tarar da shi, wanda ya fi kusa ya harba."

Mantau ya ɗago kai ya ce, "In ni ne na fi kusa fa, Sarki?"

Barmo ya ce, "Sai in ɗauki cinya."