Dutsen Magadaliya a Kan Kafet ɗin Hajiya Salma

Akwai wata mata a Rayfield, nan cikin Jos, ana ce mata Hajiya Salma. Tana da shagon atamfa da leshi a kasuwa, kuma Allah ya buɗa mata. Da mahaifinta ya rasu, sai ta je unguwar Kwararafa ta ɗauko tsohuwarta, Inna Talatu, ta ba ta ɗaki a gidanta.

A faɗi gaskiya, ba ta rage ta da komai ba. Bargo, safa, rigar sanyi, hita mai aiki da lantarki, har da kafet mai laushi da ta sayo daga waje ta shimfiɗa mata bango zuwa bango. Zama ne kawai babu. Da safe za ta leƙo daga bakin ƙofa, waya a kunne, ta ce, "Inna, an tashi lafiya?" Kafin a amsa ta kai mota.

Ita kuma Inna mutuniyar da ce. Salma ce 'yarta ta fari, don haka kunya ba ta barinta ta kama sunanta. "Ke" take ce mata, ko "'yar nan".

To, akwai mai aikin gidan, Magadaliya, wadda ke zuwa daga Naraguta ta yi shara da goge-goge da wanki. In ta gama ba ta saurin tafiya. Sai ta zauna wurin tsohuwa, ta yanke mata farce, ta tsefe mata kai.

Wata rana Salma ta dawo da wuri. Tun daga falo ta jiyo dariyar Inna, irin wadda rabonta da ji tun mahaifinta na da rai. Ta leƙa. Ga Inna ta tasa kwanon gwate da Magadaliya ta kawo daga gida tana sha, ga gasasshiyar kazar da Salma ta aiko a rufe, ko taɓawa ba a yi ba.

"Magada 'yata, ƙaro min," in ji Inna.

'Yata. Salma ta ja da baya daga bakin ƙofa. Ita da aka haifa ba a taɓa kiran sunanta ba, ga mai shara ana yi mata har da laƙabi na so.

Ta kai ƙara wurin mijinta, Alhaji Mahdi. "Shara na ɗauke ta yi, ba riƙon uwa ba."

Ya yi dariya. "Hajiya, yanzu da mai aiki kike kishi?"

"Allah ya kiyaye! Ni?"

Amma daga ranar ta fara bin bayan Magadaliya da yatsa tana neman ƙura a kan taga. Ba ta samu ba.

Sai damina ta yi nisa. Wanda ya san Jos ya san sanyin Agusta, mai shiga ƙashi. Wata rana aka wuni ana ruwa, babu wuta, hita ta zama kwalliya. Ƙafafun Inna suka riƙe, tana ta nishi.

Magadaliya ta tuna yadda ake yi wa kakarta a ƙauye. Ta fita bayan gida ta samo dutse mai sulɓi, ta gasa shi a wuta, don ta naɗe shi a tsumma ta sa wa tsohuwa a ƙafa. A gidansu, in an ciro dutsen, a ƙasa ake ajiye shi ya ɗan huce, don daɓen siminti ne. Hannunta ya yi abin da ya saba. Ta dire shi a tsakiyar kafet, ta juya neman tsumma.

Ƙauri ne ya dawo da ita. Kafet ya narke, rami baƙi kamar gindin tukunya.

Da Salma ta dawo ta gani, ranta ya ɓaci, amma can ƙasan zuciyarta wani abu ya yi sanyi. Dama mai neman kuka ce, aka jefe ta da kashin awaki. Ga shi kuma wata ya ƙare, ranar biya ce.

Magadaliya ta durƙusa. "Madam, laifina ne, ban musa ba. Ki cire wani abu, ki ba ni saura. 'Yata Hosana za ta koma makaranta."

"Saura? Kin san kuɗin kafet ɗin nan? Ko sisi ba ki da shi a wurina. Tashi ki bar min gida, ki je ki nemi taki uwar."

"Ke," in ji Inna daga kan gado.

"Inna, ki bar ni da ita."

Magadaliya ta ɗauki jakarta, ta ce, "Mama, sai wata rana." Ta fita cikin ruwan.

Inna ba ta yi faɗa ba. Washegari dai Salma ta buɗe ƙofarta ta tarar da kaya a jere: bargo a ninke, safa, rigar sanyi, hita. Ta ruga ɗakin tsohuwa, ta same ta zaune da zani ɗaya, dutsen nan a gefenta.

"Inna, mene ne haka?"

"Ki sayar ki biya 'yar mutane. Ba zan rufa da gumin wani ba."

"Ita fa ta yi ɓarna!"

"Ta yi. Ɓarnar rana ɗaya. Sharar wata guda fa, aljanu ne suka yi miki? Da kin zaunar da ita kun yi maganar kafet, da ban ce uffan ba. Amma ba kafet ne ya ƙona ki ba, ni na haife ki."

Nan Salma ta fashe. "To tunda kin haife ni, me ya sa ita ce 'yarki? Ni me na rage ki da shi?"

Inna ta miƙo ƙafa. "Taɓa nan."

Salma ta taɓa. Sanyi ƙalau kamar randa, ga kumburi har idon sawu. Ba ta san ƙafar ta kai haka ba.

"Rabon hannunki da jikina tun zaman makokin Malam," in ji Inna. "Yarinyar nan ba ta ture ki ba. Tabarma ta gani a shimfiɗe babu kowa a kai, ta zauna."

Ranar Salma ba ta buɗe shago ba. Ta yi ta tambaya a Naraguta har aka nuna mata gidan. Ta ba Magadaliya haƙƙinta cif, ta ba ta haƙuri, ta ce ta dawo.

"Na gode, Madam. Amma na riga na ba wasu magana a gidajen malaman jami'a. Zan riƙa zuwa gaida Mama in an taso coci." Ta ɗan yi murmushi. "Dutsen yana nan? Kar ki bari ya yi ja. Kuma a ajiye shi a siminti tukuna."

Da yamma Salma ta gasa dutsen da kanta, har ta ƙona yatsa. Ta naɗe shi, ta zauna a ƙasa kusa da ramin kafet, ta ɗora ƙafafun uwarta a cinya.

Sunan dai Inna ba ta kama ba. Amma ta ɗora tafin hannu a kan 'yarta, ta bar shi a nan.

"Gobe ma ki zo, 'yar nan," ta ce.

Darasi: Ɓarna daban, gumi daban. In mai aiki ya yi kuskure, a zauna a yi maganar kuskuren, amma kada a fake da shi a cinye wahalarsa don huce wani haushi. Kuma ku masu aika wa iyaye kaya kuna tsammanin kun gama, ku sani bargo ba ya hira. In kun bar wurinku babu kowa, kada ku ji zafin wanda ya zauna. Ku tura wa 'yan'uwa wannan, musamman masu tsoho a gida.