Motar da Ta Sauko Dutse da Lamba Biyu

Akwai wani mutum da yake zaune a kan dutse, yana da tsohuwar mota mai shan gas, irin wadda aka kafa wa gado a ciki. Wata rana mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, asibiti kuwa yana can ƙasa, gangara ce mai tsawo da kwana-kwana. Ya kwantar da ita a gadon, ya kama hanya.

Don sauri, ya sa mota a giya lamba huɗu, ƙafarsa a kan birki. Ta zabura ya taka, ta zabura ya taka. Kafin rabin hanya sai ga wari kamar ana ƙona roba. Ya taka birki, ya ji shi laɓo-laɓo. Wayyo! Ga rami a dama, ga tsohuwa tana nishi a baya. Da kyar ya samu wani fili ya tsaya.

Wani tsohon direban babbar mota yana hutawa a wurin. Ya dubi hayaƙin da yake fita daga ƙafafun motar, ya leƙa ya ga tsohuwa a gado, ya girgiza kai.

Ya ce, "Ɗana, kashe tsohuwar za ka yi? Birki kaɗai ba ya sauko da mota daga dutse. Bari ya huce. Sa'an nan ka sa lamba biyu tun kafin ka shiga gangara, inji ya riƙe ta."

Mutumin ya ce, "Baba, ai za mu makara."

Tsohuwar ta ɗaga murya daga gado, ta ce, "Kai, ji maganar dattijo. Ni dai in isa."

Haka ya yi. Inji yana ta gurnani, masu babur suna wuce shi, birki sai taɓawa kaɗan a kwana. Suka isa lafiya, likita ya karɓe ta, ta kuwa warke.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Gangarar ita ce jaraba da fushi da ranar wahala. Birki shi ne ƙoƙarinka na kanka, kana cewa, "Zan daure, zan daure." Yana da amfani, amma yakan yi zafi ya saki, ni ma ya sha sakina. Injin kuwa Ruhun Allah ne a cikinka. Kada ka bari sai ka yi nisa a gangara. Tun da safe ka durƙusa ka yi addu'a, ka ba shi nauyin ranar. In birkinka ya taɓa saki, kada ka fid da rai. Tsaya, ka huce, ka sake tashi, Ubangiji zai kai ka ƙasa lafiya.