Ranar da Reza Ta Saki Muryar Kawunta

Akwai wata matashiya mai aiki a kantin magani, wadda mutanen intanet suka laƙaba wa suna Reza. A kanti ba ka jin bakinta. Za ta karɓi takardar likita, ta ɗauko magani, ta rubuta yadda za a sha a bayan kwali, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Amma da zarar ta ɗauki waya aka taɓo siyasa, sai dai Allah ya kiyaye. Da layi biyu take tsinka babban mutum.

Mabiyanta sun haura dubu arba'in, kullum cikin zuga ta suke: "Ƙara masa, Reza! Kar ki bar shi ya numfasa!"

Tana da kawu, yayan mahaifiyarta, kafinta ne. Shi ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinta, teburin da ta yi karatu a kai ma shi ya ƙera da hannunsa. Kawu yana da in'ina tun yarinta, kalma takan maƙale masa sai ya runtse ido kafin ta fito. Shi ya sa bai cika magana cikin taro ba.

Da zaɓe ya matso, zauren dangi na waya ya ɗau zafi. Wata rana da hantsi sai ga saƙon murya daga Kawu, abin da bai taɓa yi ba. Minti uku yana bayanin dalilin da ya sa yake tare da ɗan takarar da Reza ta fi tsana. A wurin sunan ɗan takarar harshensa ya sarƙe, ya maimaita gaɓar farko har sau shida.

Reza ta yi dariya har da riƙe ciki. Nan take ta yanko wannan wurin, ta ɗora shi kan bidiyon wata tsohuwar mota da ake ta murza makulli ta ƙi tashi. Ta rubuta: "Ga irin magoya bayansu nan. Ko sunan gwaninsu ba sa iya tayarwa, su ne za su tayar da ƙasa?"

Ba ta sa sunansa ba. A ganinta hakan ya wadatar.

Kafin ta tashi daga aiki, bidiyon ya zaga ko'ina. Wani ya sa masa kiɗa. Wani ya mayar da shi ƙarar kiran waya. Murya kuwa ba ta ɓuya. Duk wanda Kawu ya taɓa yi wa ƙofa ko gado ya gane shi.

Kwana huɗu bayan haka ta dawo gida ta tarar da Mama zaune a falo da mayafinta a jiki, ko takalmi ba ta cire ba.

"Daga shagon Yaya nake," in ji Mama. "Kin san ya daina magana?"

"Kamar yaya ya daina magana?"

"Mutane ke zuwa kamar masu ciniki, su yi ta ja masa tambaya don ya yi in'ina su ɗauka a waya. Yanzu in ka tambaye shi kuɗin kujera, sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta maka a guntun katako. Ni ƙanwarsa, yau da fensir ya amsa gaisuwata."

Reza ta ce, "Mama, wallahi ban sa sunansa ba. Siyasa ce kawai, kowa ma yana yi."

"Kowa ma kawunsa yake yankawa ya raba wa duniya?"

Reza ta shiga ɗaki ta goge bidiyon, amma magana zarar bunu ce. Ta ga shi a shafuka fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Sai ta rubuta: "Don Allah a daina yaɗa bidiyon nan. Na yi kuskure, dattijon bai cancanci haka ba."

A nan ta san su waye mabiyanta. Waɗanda jiya suke mata kirari su ne suka fara: "An saye ta!" "Nawa aka ba ki, munafuka?" Ɗaya ɓangaren kuma dama a cike suke da ita. Suka tono hotonta, suka saka hoton kantin da take aiki, suka haɗa da zagin uwarta. Mai kantin ya kira ta gefe ya ce ta zauna a gida tukuna, ba ya son a fasa masa gilashi a kan abin da bai sani ba.

Sati guda tana kwance tana karanta zagi. Irin kalmomin da ta saba jifan mutane da su ne, wasu ma ita ta ƙirƙiro su. A rana ta takwas ta sa mayafi ta nufi shagon Kawu.

Ta same shi ya duƙa yana goge murfin wani kabad, garin katako ya yi masa fari a gemu. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Kawu, ina wuni."

Ya ɗago ya dube ta. Hannunsa ya tafi bayan kunne, ya taɓa fensirin, sai ya fasa. Ya jawo wani benci da bai gama ba, ya kaɗe shi da tsumma, ya nuna mata.

"Kawu, ni ce na saki muryarka. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ka yafe mini."

Da ya buɗe baki, kalmar farko ta wahalar da shi, amma ya jira ta har ta fito.

"Na-na sani tun ranar farko. Sau goma sha ɗaya na ɗauki saƙon nan ina gogewa, 'yar Kawu. Na tura ne don na ce a cikin dangina za a jira ni in kai ƙarshe."

Ta fashe da kuka. Bai rarrashe ta ba, ya bar ta ta yi mai isarta.

"Na yafe miki," ya ce. "Amma akwai tara. Kashe wayar nan ki ajiye a kan teburin can. Yau sai kin ji maganata har ƙarshenta."

Ta kashe ta ajiye. Kusan awa guda Kawu yana magana. Ya ba ta labarin ƙaramin asibitin da aka buɗe a unguwarsu lokacin da gwanin nasa yake riƙe da muƙami, da yadda matarsa ta daina tafiyar awa biyu don a gwada mata hawan jini. Sau da yawa Reza ta san kalmar da yake nema, ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye. Da ya gama ya ce, "To, na karkato da ke?"

Ta share ido. "Gaskiya a'a, Kawu. Asibiti ɗaya ya gina, amma abokan karatuna rabinsu suna zaune ba aiki, kuma yana kan kujera aka rufe masana'antar da suke sa rai."

Kawu ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. "Madalla! Ga shi kin faɗa, kuma ba ki zagi uban kowa ba. Ciwo ya yi miki?"

Sannan ya ce ta kunna wayar ta ɗauke shi. Ta ce, "Kawu, za su ƙara yi maka dariya."

"Shekara sittin ana yi. Ɗauka."

Ya gyara hula, ya tsaya a gaban kabad ɗinsa, ya dubi wayar ido cikin ido.

"Ni ne mai muryar nan. Kafinta ne ni, kuma ina da in'ina. Wadda ta saki muryata 'yata ce, ta ba ni haƙuri, na haƙura. Wanda ya zage ta don yana tare da ni, ban aike shi ba. Gwanina daban, nata daban, kuma kwano ɗaya muke ci. Mai son dariya ya yi, amma ya bari in gama tukuna."

Ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya ba, haka ta saka shi, da in'inar da komai.

Ba zan ce muku duniya ta shiryu ba. Wasu sun ci gaba da shaƙiyancinsu, kuma mabiyan Reza kusan rabi suka watse, don ba zagi ba kasuwa. Amma masu zuwa shago da waya a hannu suka ɗauke ƙafa. Wani shugaban makaranta, wanda ya faɗa da bakinsa cewa ba ya tare da gwanin Kawu, ya zo ya ba shi aikin bencin aji shida. Ya ce mutumin da ya iya tsayawa haka, ƙusarsa ba za ta yi ƙarya ba. Mai kanti ma ya kira Reza ta koma bakin aikinta.

Ba ta bar siyasa ba. Tana rubutu har gobe, da hujja da zafinta, sai dai duk wanda ya yi zagi a shafinta, ko nata ne, waje take yi da shi.

Aka yi zaɓe. Da sakamako ya fito, daga gwaninta har na Kawu babu wanda ya kai labari. Wani na uku ne can ya lashe.

Tana tsaye a kanti wayarta ta yi ƙara. Kawu ne, yana dariya har da tari.

"'Yar Kawu, kin gani? Da yanzu mun ra-rabu a kan mutum biyu, su kuwa ga su can a hoto sun rungume juna suna taya na ukun murna!"

Darasi: Bayan kowace murya da kake yi wa dariya a waya akwai mutum mai iyali da mutunci, wataƙila ma naka ne. Masu zuga ka ka yi zagi, su ne farkon masu zaginka ranar da ka daina. Ka riƙe ra'ayinka da ƙarfi, ka kare shi da hujja, amma ka bar abokin gardamarka ya kai ƙarshen maganarsa. Zaɓe yana wucewa, zumunci kuwa in ya tsage ba kowane kafinta ke iya gyara shi ba. Ku tura wannan zuwa zauren danginku kafin gardama ta gaba ta tashi.