Cizon da Gamja Ba Ta Yi Ba

Akwai wani tsohon malamin lissafi a garin Cheongju na ƙasar Koriya ta Kudu mai suna Pyo Man-ho. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa, kuma a tsawon wannan lokaci babu ɗalibin da ya taɓa zarginsa da taushin zuciya.

Abin da aka fi tuna shi da shi ita ce takardar nadama. Duk yaron da ya yi laifi sai ya rubuta ta da hannunsa, kuma Malam Pyo ba ya karɓa sai ta cika abu uku: abin da ka yi, dalilin da ya sa ka yi, da abin da za ka yi nan gaba. In ɗaya ya ɓace, sai ya miƙo maka takardarka ko kai bai ɗago ba.

Bayan ya yi ritaya, 'yarsu tilo Ji-won ta yi aure ta koma Busan, gida ya yi tsit.

Wata rana matarsa Eun-ja ta dawo daga kasuwa ta ce ta haɗu da Seol Hye-rin, tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu take aiki da wata ƙungiyar ceto karnuka. Suna neman wanda zai riƙe musu wata 'yar kwikwiya kafin a samo mata gidan zama.

"Na ce mata mun yarda," in ji Eun-ja.

"Mu wa?"

"Ni da kai, Baban Ji-won. Wata biyu ne kawai."

"To, zan sa alama a kalanda. Amma ki sani, ni ba ruwana da ita."

Ranar da Hye-rin ta kawo kwikwiyar, ya sake faɗin haka a gabanta, don kada a ce ba a ji ba. Ta miƙa masa takardar riƙo mai shafi uku. Ya duba shafin farko, ya gyara mata waƙafi biyu, ya buga hatiminsa.

"Malam ba zai karanta sauran ba?"

"Na karanta rubutunki shekara uku, Hye-rin. Ya ishe ni."

Kwikwiyar baƙa ce, watanta shida. A bayan wata rumfar leda ta manoma aka tsince ta, ɗaure da sarƙar da ba ta kai kamu biyu ba. Sunanta Gamja, wato dankali, ko da yake da gawayi ta fi kama. Baƙar karyar ƙauye irinta ba a cika tambayarta a gari ba, galibi sai dai a samo mata gida a ƙasar waje.

Tana shiga gidan ta kutsa ƙarƙashin kabad ɗin takalma ta ƙi fitowa. In Eun-ja ta matso, sai ta lafe. In Malam Pyo ya yi ko da tari ne, sai jikinta ya ɗauki rawa. Wanda ya ɗaure ta namiji ne, kuma ba ta manta ba.

Malam Pyo ya ce wannan bai dame shi ba. Sai dai daga washegari ya daina karanta jarida a kan kujera. Ya koma zama a ƙasa kusa da ƙofa, ya ba kabad ɗin baya. Ya ce hasken wurin ya fi kyau. Wurin ba shi da taga.

A rana ta goma sha ɗaya, yana cikin karatu ya ji wani abu mai ɗumi ya sauka a kan ƙafarsa. Haɓar Gamja ce. Bai motsa ba har shayinsa ya huce, ƙafar ta mutu. Da Eun-ja ta leƙo ta gan su, sai ya ce a hankali, "Kada ki yi magana. Labarin da nake karantawa ne yake da tsawo."

Ƙa'idar ƙungiyar ita ce mai riƙo ya riƙa sa hoton kare da ɗan bayani a shafinsu na intanet kullum, a fassara wa masu nema a waje. Eun-ja ce ta fara, amma ya ce jimlolinta ba su da kai ba su da ƙafa, ya karɓe aikin. Shi ne kuma mai fita da Gamja da safe, wai likita ya ce ya riƙa tafiya. Shekara biyar ke nan likita yana faɗa.

Ana saura mako uku wata biyun su cika, Hye-rin ta bugo waya da murna. Wasu mata da miji a Kanada, masu ƙananan yara biyu, sun ga hoton Gamja sun ce suna so. Har an sami matafiyin da zai tafi da ita a jirgi ranar ashirin ga wata.

"Madalla," in ji Malam Pyo. "Takalmana za su huta."

A ranar bai gama shinkafarsa ba.

Daga nan rahotonsa ya sauya. Ya rubuta cewa ta tauna takalmi, wanda gaskiya ne. Ya rubuta cewa tana da haushi, wanda sau ɗaya ta taɓa yi, shi ma a kan injin shara. Mutanen Kanada suka amsa da cewa ba komai, ai yarinya ce. Ya daɗe yana kallon wannan amsa. Bai taɓa jin haushin mutanen kirki kamar ranar ba.

Ana saura kwana tara tafiyar Gamja, yana buɗe gwangwanin kifi murfin ya yanke shi a gefen hannu. Eun-ja ta ɗaure masa. Da yamma ya ɗauki hoton hannun, ya rubuta layi ɗaya a ƙasa: "Yau Gamja ta cije ni."

Washegari mutanen Kanada suka janye, saboda yaransu. Malam Pyo ya yi ƙarin shinkafa har sau biyu.

Murnar ba ta wuce kwana ɗaya ba. Ranar Laraba Hye-rin ta bugo, muryarta ba daɗi.

"Malam, ka yi haƙuri, mu muka jawo maka. Ranar Asabar zan zo in ɗauke ta."

"Ki kai ta ina?"

"Keji. Duk karen da ya ciji mutum ba ya kwana gidan riƙo, ƙa'ida ce. Kuma an riga an rubuta a takardunta."

"In an rubuta sai me?"

"Malam, baƙa ce, 'yar ƙauye ce, ga shi yanzu an ce tana cizo. Akwai wani kare da yake kejinmu shekara huɗu, shi ko cizon bai yi ba."

Ya ajiye wayar. Gamja tana kwance a kan silifas ɗinsa, tana ɗan kaɗa bindi kamar mai tambayar ko an gama.

Eun-ja ba ta karanta shafin, amma kunnenta lafiya lau. Ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Wa ya ciji wa?"

Ya mayar da hannun da aka ɗaure bayansa.

"Baban Ji-won, gwangwanin kifi ne ya cije ka. Ina tsaye. Ni na zubar da shi, ko in je in ɗauko shi a kai shi keji?"

"Maman Ji-won, ki rage murya."

"Don kada wa ya ji? Ita? Ai ita ta san ba ta yi ba. Ɗauki waya ka gaya wa yarinyar nan gaskiya."

"Yarinyar da na sa ta rubuta takardar nadama sau huɗu don ta ce ta manta littafinta a mota?"

"Ita fa. Ka ga ta san yadda ake yi."

Alhamis ta zo ta wuce bai buga ba. Sau uku yana ɗaukar wayar yana ajiyewa. Ya gwada jimloli a ransa: ƙila ba cizo ba ne, ƙila haƙorinta ne ya goge shi cikin wasa. Duk wadda ya gwada sai ya ji irin wadda da ɗalibi ne ya kawo masa, da ya mayar masa.

Ranar Juma'a da safe ya fita da Gamja. A bakin titi wata motar kaya ta wuce tana jan sarƙa a ƙasa. Gamja ta daskare, sannan ta ruga ta shige tsakanin ƙafafunsa, ta manna jikinta a jikinsa tana karkarwa. Wata biyu da suka wuce, daga gare shi take gudu. Ya tsaya a wurin har motar ta ɓace. Da suka dawo gida ya nemi farar takarda da alƙalami.

Asabar da hantsi Hye-rin ta iso da akwatin ɗaukar kare. Gamja na ganin akwatin ta koma ƙarƙashin kabad ɗin takalma, inda rabonta da shiga ya kai mako biyar.

Malam Pyo ya miƙe tsaye, ya miƙa wa Hye-rin takarda da hannu biyu, kansa a sunkuye. Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta dubi hannunsa, ta dubi Eun-ja. Eun-ja ta ce, "Kifin gwangwani. Mai mai."

Hye-rin ba ta yi dariya ba. "Malam, ka san yaran can sun riga sun saya mata gado? Uwarsu ta ce ƙaramar ta yi ta kuka."

"Ban sani ba."

Ta sake duban takardar, sannan ta miƙa masa ita.

"Ba ta cika ba, Malam. Akwai abin da ka yi, akwai abin da za ka yi. Babu dalili."

Malam Pyo ya karɓi takardar. Ya dubi kalandar da ya sa wa alama. Can ya ce, da muryar da matarsa ba ta taɓa jin sa da ita ba, "Ba na so ta tafi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Hye-rin ta zaro takardar riƙon daga jakarta, ta buɗe shafi na biyu, ta nuna masa wani layi da yatsa. An rubuta cewa mai riƙo shi ne na farko da yake da damar karɓar kare ya zama nasa, muddin ya faɗa kafin a yi wa wani alkawari.

"Da baki kawai za ka faɗa, Malam. Amma yanzu an riga an yi wa wasu alkawari, kuma da ƙarya aka kore su. Dole in rubuta musu gaskiya. In sun ce har yanzu suna so, tasu ce, ranar ashirin ta hau jirgi."

Ya ce, "Haka ya kamata." Ta tafi da akwatinta babu kowa a ciki.

Kwana uku amsa ba ta zo ba. Malam Pyo ya wanke kwanon Gamja sau biyu a rana. Ya rubuta wa mutanen Kanada jerin abubuwan da take tsoro da waɗanda take so, ko da za a buƙata, har shafi huɗu. Wannan karon babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ya bar wa Eun-ja ta ɗauka.

A rana ta huɗu Hye-rin ta bugo. Mutanen sun karanta takardar nadamar, wadda aka fassara musu har da dalilin da ya ƙara da hannunsa. Sun ce akwai wani kare a shafin, mai shekara huɗu a keji, da suke so su ji labarinsa. Gamja kuwa, sun ce kamar ta riga ta sami gida.

"Amma da sharaɗi, Malam. Takardarka za ta hau shafinmu, don a wanke sunan Gamja. Kuma wata shida zan riƙa zuwa duba ta. Rahoto kuma Mama ce za ta riƙa rubutawa."

"Jimlolinta fa…"

"Ba su da waƙafi, Malam, amma gaskiya ne."

Da aka kawo takardar karɓa, Malam Pyo ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ya karanta ta shafi-shafi har ƙarshe kafin ya buga hatimi. Ya ɗauki lokaci mai tsawo. Akwai haɓa a kan ƙafarsa.

Darasi: In kana son abu, buɗe baki ka ce kana so. Wanda girman kai ya hana shi roƙo, ƙarya zai koma yi, kuma ba a kansa take fara faɗawa ba, a kan wanda yake ƙauna take faɗawa, musamman wanda ba shi da bakin kare kansa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana cewa "ni ba ruwana" alhali kowa yana gani.